Jamusancin da Na Tsinta a Waya

Ni dai ban taɓa zama gaban allo ba, amma babu yaren da ya taɓa gagarar kunnena. Da babbar mota na ci ƙuruciyata. Ta kife da ni a rami na fito ina karkaɗe riga. Birki ya tsinke mini a gangara, ga ni nan ina ba ku labari. Duk garin da na sauka dabarata ɗaya ce: in zauna wajen mai shayi in kasa kunne. Maganar da aka fi maimaitawa, ita ce gaisuwa. Ka cafke ta, ka shiga gari.

Rannan autana ya kira ya ce za su zo hutu da matarsa da 'yarsu, jikar da ban taɓa ɗauka ba. Jamusanci kaɗai take ji, yaren uwarta, ga ta da ƙiwa.

"Baba, kada ka ji haushi in ta ƙi zuwa wurinka," in ji shi.

Ta ƙi zuwa wurin wa? Ni?

Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta ce, "Malam, ka bari yaron nan ya koya maka ko kalma biyu mana."

Na ce, "Yaron da ni na koya wa magana?"

Sai na koma dabarata. Duk sanda ya kira uwarsa, in matso in manna kunne. Ba shi nake saurare ba, surukata nake jiyowa daga can ciki tana magana da yarinyar. Abu biyu take ta nanatawa: "Finger weg!" da "Ab ins Bett!" Na ce shi ke nan, ga sannu da zuwa, ga ina gajiya. Na yi ta bita gaban madubi. Na gaida maƙwabcina tela da su, ya rantse bakina ya fi na rediyo.

Ranar da suka iso na saka babbar riga na hakimce a kujerar falo. Yarinyar ta laɓe bayan uwarta tana leƙe. Can sai ta fara matsowa, idonta kan farin gemuna, ta miƙo ɗan hannu za ta taɓa. Na buɗe murya na yi mata maraba: "Finger weg!"

Ta fizge hannunta, ta ja da baya. Na ce bari in ƙara da ta biyun. "Ab ins Bett!"

Surukata ta toshe baki. Autana kuwa har da durƙusawa don dariya. "Baba! Ka ce ta ɗauke hannunta, sannan ka kore ta ta je ta kwanta!"

"Ga mai kunne nan," in ji tsohuwata.

Wallahi ko ranar birki gabana bai faɗi haka ba. Amma yarinyar ta dubi taga, rana tsaka, ta dube ni, ta riƙe ƙugu ta zazzago magana.

"Me ta ce?"

Autana ya ce, "Ta ce ba a kwanciya da rana. Wai ba ka san komai ba, ita za ta gyara ka."

Na kamo hannunta na ɗora a gemun. "Bart," ta ce. Na maimaita. Ta ja mini hanci, "Nase." Ta haye cinyata don ta kai ga kunne, sannan ta dangwara mini yatsa a ƙirji ta ce, "Opa." Kaka ke nan. Uwarta ta kira ta cin abinci, ta ce sai dai a kawo mata nan.

Da aka kawo shayi na lallaɓa hannu wajen sukarin da likita ya hana ni. Sai na ji tas a bayan hannu.

"Finger weg, Opa!"

Tsohuwata ta yi guɗa, kuma tun ranar ta riƙe kalmar, ba ta da aiki sai jefa mini ita. Ta yi ta yi. Ni dai na san da sannu da zuwa na ce wa yarinyar nan kamar kowa, da har yanzu tana bayan uwarta.