Tabarma a Kan Daro

Ranar Laraba kimiyya ta iso Unguwar Tsamiya, kuma daga ranar ruwa ya daina cutar da ɗan Adam. Haka Dakta Muhammadu Sani ya faɗa, shi kuwa mai digiri uku ba a musu da shi.

A shekarar ne famfon burtsatse ya mutu aka rasa mai gyara. Gari ya koma shan tafki, tafkin da manoma ke wanke tankin feshi a ciki. Awaki bakwai suka mutu, yara suna ta amai. Dakta ya zo daga jami'a da kwalabe biyu, ya cika daro da ruwan tafkin a tsakar gidan yayansa Sama'ilu, ya ɗiga magani, ya ce a bar shi nan. Sannan ya tafi Bagwai ɗauko manyan baƙi.

Sama'ilu ya dubi daron, baki buɗe a tsakiyar rana. Tun a makarantar allo ya san ba a barin ruwan sha a buɗe, kuma ruwan da rana ta dafa ko alwala malamai ba sa so a yi da shi. Boko ya mantar da yaron nan, in ji shi a ransa. Sai ya rufa masa asiri: ya ja daron zuwa inuwar darbejiya, ya lulluɓe shi da tabarma. Da ya ji ƙugin mota bayan la'asar, ya mayar da shi inda yake.

Aka taru a ƙofar gida, aka fito da daron, Dagaci a kan kujera, baƙi da hulunansu.

"Maganin nan shi kaɗai aikin banza ne," in ji Dakta. "Hasken rana ke tayar da shi, ya ragargaza gubar. Awa shida a rana, shi ke nan. In babu haske, guba tana nan yadda take."

Aka yi kabbara. Sama'ilu ya tuna da tabarmar da ya lulluɓa wa daron.

Dakta ya tsoma kofi, ya ɗaga shi sama yadda mai hoto zai samu. In Sama'ilu ya yi magana, an gama da ƙaninsa a gaban baƙi, kuma gari ba zai sake yarda da daron ba. In ya yi shiru, ƙanin da ya goya a bayansa zai sha.

"Kai, Sani! A jami'ar taku ne aka koya maka sha kafin na gaba?" in ji Sama'ilu.

Dariya ta ɓarke.

"Tuba nake, Yaya. Bismillah."

"A'a, Sama'ilu ya waye!" in ji Dagaci. "Mutumin da ke gudun allura!"

Sama'ilu ya karɓi kofin, ruwan yana warin feshi. Ya shanye tas, ya ce alhamdulillahi. Da ya juya, sai ƙafarsa ta tuntsurar da daron, ruwan ya bi ƙasa kafin layin masu ɗanɗanawa ya matso.

"Haba Yaya! Aikin yini guda!"

"Tsufa ne. Gobe ma akwai rana."

Matarsa Larai ta iske shi durƙushe a bayan rumbu, yatsa a maƙogwaro. Daga waje ana jin Dakta yana bayanin yadda za a kai shirin ƙauyuka arba'in.

"Malam, in kira shi? Ai dakta ne."

"Ba irin wannan daktan ba ne." Ya goge baki da hannun riga. "Samo mini nono wajen maƙwabciyarmu Kulu. In sun tambaya, ki ce na leƙa gona."