Tafiyar Mika'ilu

Shekara goma sha takwas Kailani ɗan kama bai taɓa sandar Malam Ja-ƙafa ba. Da wasan Ja-ƙafan nan ya yi suna a Tudun Wada: ya dogara sanda, ya ja ƙafar hagu, ya yi gyaran murya sau uku, mutane su riƙe ciki. Kowa kuwa ya san wanda yake kwaikwaya, amininsa ne Mika'ilu maɗinkin hula, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya. Yara suka riƙa bin Mika'ilu suna jan ƙafa, har ya daina fita ko masallaci, ciwo ya riske shi a ɗaki ya rasu. Ranar jana'iza, waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyatawa su ne suka fara cewa Kailani ya kashe shi. Daga nan ba mai kiransa biki ko suna, ya koma sayar da rake a bakin tasha.

Ran nan sai ga Lawal, ɗan marigayin, wanda yanzu akawu ne a reluwe. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, an yi mini haihuwa, sunan mahaifina zan sa wa yaron. Ina shekara uku ya rasu, ko hoto bai bari ba. An ce duk garin nan kai kaɗai ka iya tafiyarsa. Ina so in gani."

Kailani ya ce masa zai zo. Ya ƙudura a ransa Mika'ilu na gaskiya zai nuna wa yaron nan, ko ya wanke kansa kafin ya mutu.

Ranar suna da la'asar ƙofar gida ta cika maƙil. Tsofaffin da suka daina amsa sallamarsa su ne a tabarmar gaba, har da gyara zama. Kailani ya miƙe da sandarsa, ya nemi tafiyar amininsa a ransa, ya rasa. Ya nemi muryarsa, ita ma babu. Ja-ƙafa ya cinye su duka. Jama'a na jira, sai ƙafar hagu ta ja kanta, gyaran murya ya biyo sau uku.

Wuri ya kaure da dariya. Wani tsoho yana share hawaye yana cewa, "Wallahi shi ne! Mika'ilu sak!"

Ƙarya yake. Ɗingishin Mika'ilu sai ka lura kake gani, wannan kam Kailani bai manta ba.

Lawal kaɗai bai yi dariya ba. Ya zo ya riƙe hannun Kailani, idonsa ya yi ja.

"Ashe haka Babana yake. Na gode, Baba. In yaron ya yi wayo, shi ma za ka nuna masa."

Kailani ya buɗe baki zai ce ba haka yake ba. To in Lawal ya ce yaya yake fa?

"Allah ya raya shi," in ji Kailani.