Shaidun Gada

Laifin Atu bai wuce na baki ba. Ran kasuwa, a bainar jama'a, ya ce gadar da ɗan majalisa Onarabul Mutawakkil yake shelar ya gina wa ƙauyensu, can bayan Fakku, shi dai bai taɓa ganinta ba, kuma har gobe da wando a kafaɗa yake tsallake rafin. Kafin mako ya zagayo sammaci ya iso, wai ɓata suna. In aka same shi da laifi a kurkuku zai ci damina, ga geronsa ko noman farko bai samu ba. Abin ya tsorata shi ƙwarai.

Ranar shari'a Onarabul ya shigo ƙauyen da sassafe, ya ɗebi dattawa uku da za su shaida sun taka gadar. Suna cikin haddar abin da za su faɗa aka tsuge da ruwa. Da Atu ya iso bakin rafi zai tafi kotu, sai ga mota a tsakiyar ruwa, Onarabul da shaidunsa sun yi cirko-cirko a kan rufinta.

"Ranka shi daɗe, mi kuka yi nan ƙasa?" in ji Atu. "Ku hau gada mana."

Atu ya so ya wuce abinsa, zuciyarsa ta ƙi. Ya goya su ɗaya bayan ɗaya, Onarabul a ƙarshe, wanda ya shaƙe masa wuya yana ta salati. Nauyinsa ya kai buhun dawa biyu. Daga nan babura suka kwashe su zuwa kotu a Kebbe.

Alƙali ya daɗe yana kallon mutum biyar suna ɗiga a gabansa. Ya kira shaida na farko, Malam Sirajo, tsohon da tun a hanya haddarsa ta zube.

"Ka taɓa taka gadar nan?"

Tsohon ya dubi Onarabul, ya dubi taɓon da ke ƙafarsa.

"Allah gafarta Malam, yau dai bayan Atu munka hau."

Alƙali ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ya sallami Atu ya koma gonarsa. Sannan ya ce da sauran zama, amma na Onarabul ne, kuma a kan gadar za a yi shi.