Koriyar Fitilar Tsibiri

Halima Sa'adiya tana cikin nuna wa Umma yadda kujerar ofishinta take juyawa sai waya ta yi ƙara. Da ganin lambar ta san shirinta ya ɓaci.

Magana ɗaya ce ta kawo Umma Dubai daga Kano. Kwantiragin Halima ya kusa ƙarewa, kamfani yana so ta sabunta, Umma kuwa ta ce ba za ta sa albarka ba sai ta ga aikin da idonta. In bai kwanta mata ba, jirgi ɗaya za su hau su koma gida. Halima tana son aikin nan kamar ranta, amma ba za ta sa hannu a kan komai ba in Umma ta ce a'a. Shi ya sa ta shirya ranar tsaf: ofis a can saman bene, sanyin na'ura, shayi a kofin tangaran. Ba ƙarya ta yi ba, ofishin nata ne. Sai dai kujerar kan yi sati ba ta ga mai ita ba, don aikin Halima gyaran fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya ne, su kuwa ba a ofis suke ba.

Shugabanta ne a wayar. Koriyar fitilar da ke mashigar tashar wani ɗan tsibiri ta mutu, abokin aikinta ya tafi hutu garin Hatta tare da iyalinsa, kuma dole a tayar da ita kafin duhu.

"Umma, bari in sa a mayar da ke masauki. Yanzu zan dawo."

"Ina za ki?"

"Wani ɗan gyara ne, shwaiya, kaɗan kawai."

"Ai aikin na zo gani," in ji Umma, tana rataya jakarta. "Kujera kuwa akwai ta a Kano."

Ruwa mafi girma da Umma ta taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma ta tagar mota. Yanzu ga ta a cikin ƙaramin jirgin kamfani, an ɗaura mata rigar hana nitsewa mai ruwan lemo a kan leshinta na fita unguwa. Muhsin, matuƙin jirgin, mutumin Indiya ne mai fara'a.

"Yalla, Mama!" ya ce, ya ba injin wuta.

"Yaro, a hankali, ba gudun biki muke ba!"

Bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ce inshallah, ya ƙara wuta. Duk igiyar ruwan da ta ɗaga su sai Umma ta jawo sabuwar addu'a. Kafin su isa ta ƙarar da na shiga mota da na shiga kasuwa, ta koma farko.

Tsibirin bai kai unguwarsu girma ba. Farin yashi ne da 'yan itatuwan dabino, da rumfunan masunta. An jera manyan duwatsu hagu da dama don su tare wa tashar igiyar ruwa, aka bar mashiga a tsakiya. A ƙarshen kowane jerin duwatsu akwai hasumiyar ƙarfe mai fitila a kai.

"Waccan ja ce, wannan koriya," in ji Halima. "Da duhu jirgi yakan bi ta tsakaninsu. In ɗaya ta mutu, matuƙi ba zai san inda dutse ya fara ba."

Idon Umma yana kan abin da 'yarta take yi. Halima ta zura rigar aiki mai haɗe da wando, ta kifa hular kwano a kan hijabi, ta ɗaure ƙugu da wata ɗamara mai ƙugiyoyi.

"Ke, wannan kuma kayan 'yan kwana-kwana ne?"

"Kayan aiki ne, Umma."

"Hawa za ki yi? Ke ɗin? Ba maza a kamfanin?"

Halima ta kama tsani. Ta fi son ta fuskanci iskar sama da ta tsaya ba da wannan amsar.

A sama ta tarar da abin da ta zata. Tsuntsayen teku sun mayar da wurin masauki, sun lulluɓe farantin sola da kashi har rana ba ta samun shiga, batir ya zuƙe ƙaf. Ta sako igiya, Muhsin ya ɗaura mata bokiti da buroshi, daga baya sabon batir.

"Me ya lalace?" Umma ta ɗaga murya daga ƙasa.

Halima ta so ta ce wani abu mai sunan Turanci. Amma bokitin ya riga ya tona mata asiri.

"Kashin tsuntsu ne, Umma."

"Innalillahi! Duk karatun nan na Zariya, ashe kashin tsuntsu aka turo ki gogewa a ƙasar Larabawa?"

Khalas, in ji Halima a ranta, an gama. Ta ci gaba da gurzar farantin, ranta a jagule. Daga nan sama tana hango benayen Dubai sun yi ja da hasken yamma, ruwa ya kwanta shuɗi har ƙarshen gani. Nan ne wurin da ta fi so a duniya, kuma ta san ban kwana take yi da shi.

Rana ta nitse Halima tana fama da wata ƙusa da gishirin teku ya cinye. Jar fitila ta kama da kanta, tana ƙyaftawa ita kaɗai. Can sai ga wani kwale-kwalen masunta ya doso, ya rage gudu, yana laluben hanya, hancinsa yana karkatowa wajen duwatsun da Umma take tsaye a kai.

Umma ta manta da tsoron ruwa. Ta fizge mayafinta tana kaɗawa sama da ƙasa.

"Kai! Kai malam! Dutse ne a nan! Ka yi can!" Ta ɗaga kai sama. "Ke, yi sauri mana, mutane za su halaka!"

Ƙusar ta saki. Halima ta haɗa wayoyin, ta danna. Koren haske ya watsu a kan ruwa, ya ɗauke, ya dawo. Kwale-kwalen ya gyara hanci, ya bi ta tsakiya sumul. Bayansa wani ya biyo, sai wani, har da wani farin jirgin shaƙatawa da kiɗa ke tashi a ciki.

Da ta sauko ta tarar da Umma tsaye riƙe da ƙugu, tana bin jiragen da harara.

"Ba wanda zai ɗaga hannu? Ko kallo?"

"Ba su san da mutum a nan ba, Umma. Fitilar kawai suke gani."

"Kullum haka suke wucewa?"

"Kullum."

Umma ta yi tsaki. Halima 'yar fari ce, kuma Umma irin matan nan ne masu alkunya, ba ta kiran sunanta, balle ta yabe ta a gaban idonta. Yanzu ma ba ta dube ta ba. Ruwa take kallo da ta yi magana.

"To, sannu da aiki."

Halima ta sunkuya tana kwance ɗamarar da ta riga ta kwance.

"Yawwa, Umma."

Muhsin ya tayar da injin. Umma ta kama hannun 'yarta gam, ta sa ƙafa a jirgin da bisimilla, ta zauna tana gyara rigar lemonta.

"Gobe ki je ki sa musu hannun," ta ce. "In kika taho gida, marasa gaisuwar nan duk a kan dutse za su ƙare."