Na'iya Ya Je Sayen Sa

Tun da Na'iya ya koyi cinikin hannun jari a waya, babu abin da ke kwana a hannunsa. Ya saya da hantsi, ya sayar kafin azahar, ya sake saye don haushin ya yi gaggawar sayarwa. Ribar dai ba wanda ya taɓa ganinta a Kebbe, amma kowa ya sha labarinta.

Ruwa ya sauka, sai ɗaya daga cikin shanun huɗar gidansu biyu ya mutu, ga gona tana jira. Wansa Attahiru ya sayar da shinkafar da ya adana, yana shirin tafiya kara, kasuwar shanu, a Tambuwal, Na'iya ya tare shi.

"Yaya, bar mini wagga. Ni da nika ciniki da Turawa, dillalin shanu zai gagare ni?"

Kuma ya fara da sa'a, sai a faɗi gaskiya. Wani dillali, Ɗanmaliki, ya haɗa shi da farin sa mai ƙirji, horarre, aka sallama, ya biya la'ada. Mai hankali da nan ya kama hanyar gida. Na'iya kuwa ya tsaya shan fura, wani ya taya san da ɗan ƙari, nan take hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya sayar.

Bai gama murna ba ya ga wanda ya saya ya sayar da shi sama da haka. Ransa ya ɓaci kamar an yi masa sata. Ya faɗa kan wani baƙin sa don ya rama, aka nuna masa yana ɗingishi, ya rabu da shi da hasara, ya kama wani. Kowane ciniki da la'adarsa. Ɗanmaliki har inuwa ya nema masa, yana kiransa Alhaji.

Kafin la'asar kasuwa ta fara watsewa, abin da ya rage masa bai kai sa ba. Abin da ya saya a ƙarshe, a kan babur aka ɗauro shi.

Attahiru ya daɗe yana kallon maraƙin a ƙofar gida.

"Na'iya, wanga na zai ja garma bana?"

"Zai tashi, Yaya. Haƙuri kawai yaka so."

Attahiru ya zauna a dakali ya dafe kai, mutumin da bai taɓa roƙon aron sa ba a rayuwarsa. Kunya ta rufe Na'iya, har ya rantse a ransa ya daina, daga yau ko kaza ba zai ƙara sayarwa ba.

Wani maƙwabci da ke wucewa ya tsaya ya shafa bayan maraƙin.

"Kai, ɗan maraƙi mai kyau. Na sayarwa na?"

Na'iya ya saci kallon wansa, ya matso kusa, ya rage murya.

"Taya mu ji."