Garin Kofi a Hannun Yeraldin

Duk watan Disamba unguwanninmu na birnin Medellín sai su haukace da wasan albarushi, mu kuma a sashen ƙuna na asibitin yara mu kwashi ɓarnar. Aikina shi ne in kai Tinto, baƙin karena mai ƙaton kai, ya kwanta gefen yaro lokacin da ake wanke masa ciwo.

Yeraldin shekararta shida. Nokawut ne ya fashe mata a hannun dama. Ubanta Wilmar, magini, don tsoron kada hukuma ta ƙwace masa 'ya, sai ya cusa wa ciwon garin kofi da man goge baki, irin maganin kakanninmu, ya ɓoye ta a ɗaki har hannun ya fara wari, sannan aka kawo mana ita. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Likita ya ce ko dai a dinga kankare kofin daga cikin naman kullum, ko a guntule hannun. Ba a kuma iya yi wa yarinya allurar barci kowace safiya. Ƙarti biyu sun kasa danne ta, amma da zarar yatsunta na hagu sun shiga gashin Tinto sai ta tsaya.

Ran nan Doña Nubia, tsohuwar nas ɗinmu, ta kai inda kofin ya manne da jijiya. Jini ya yi tsartuwa har kan tabaraunta. Yeraldin ta ƙwala ihu, sai ga Wilmar ya banko ƙofa.

"Ke tsohuwar mayya, yanka min 'ya za ki yi?"

Ya shaƙo Nubia ya maka ta da teburin kayan aiki, almakasai suka watse. Yana juyowa ya ga Tinto a kan gado.

"Kare? Kare kusa da ciwo? Ku ne masu bakin cewa kofi ƙazanta ne?"

Ya finciko karen ta wuya ya tika shi da ƙasa, ya hamɓare shi a haƙarƙari da takalmin aikinsa. Na ji ƙashi ya yi ƙas, kamar an karya rake. Na rataye a hannunsa, ya gabza min gwiwar hannu, bakina ya cika da jini. Ina kwance a ƙasa addu'ata ɗaya ce, kada Tinto ya yi cizo. Ranar da ya ciji mutum an rufe mana ƙofar asibiti ke nan, hannun yarinyar kuma ya tafi.

Tinto ya yage leɓe, haƙora duk a waje. Na gani, Wilmar ma ya gani ya ja da baya. Yeraldin kuwa tana ta fizge-fizge, tana buga ɗanyen hannun a ƙarfen gado. Sai karen ya rufe bakinsa, ya ja jiki ta gaban ƙafafun mutumin da ya karya shi. Hawa gadon ya gagare shi, don haka ya ɗora haɓa a bakin katifa yana nishi. Yarinyar ta damƙi kunnensa, ta lafa.

Masu gadi suka shigo da kulake. Nubia ta miƙe, goshi a fashe, ta ɗaga musu hannu alamar su dakata, ta sake safar hannu.

"Ɗan nan, ko ka riƙe min fitila ko ka ɓace min da gani," ta ce wa Wilmar. "Kofinka nake haƙowa."

Ya riƙe. A lokacin ne ya fara kallon cikin hannun da kyau. Nubia ta tsinto baƙar ƙwayar kofin ta ƙarshe daga kan jijiyar, ta ce naman ƙasa ja ne, hannun zai zauna.

Yeraldin ta ɗago jiƙaƙƙun idanu ta dubi ubanta.

"Baba, Tinto ya ji ciwo. Don Allah kar ka sa masa kofi."