Kwalbar Bayan Firiji

Farfesa bai yarda da kwamfutar ba tun ranar da ɗalibarsa ta shigo da ita ɗakin gwaji a rungume kamar tukunya. Shi da ya yi furfura wajen neman maganin ƙwayar cutar hantar da ta kashe ƙanwarsa, wai wannan akwati mai arahar banza ne zai tace masa dubban sinadarai kafin a tashi aiki?

"Ranka ya daɗe, ai yanzu sun yi sauƙi," in ji ɗalibar. "Abin da babbar na'urar haya take yi a wata, wannan kafin yamma ta gama."

"Ko mutum ne ya cika saurin amsa, tsoronsa nake ji," in ji shi. "Ranar da na kama ta da ƙarya, ke da ita za ku bar mini ɗaki."

Ya zargi wanda ya sayar da ita. Ya zargi yarinyar, ko satar amsa take yi daga binciken wasu. Har fankar kwamfutar ya kasa wa kunne, sai ka ce za ta yi suɓutar baki.

Sai ya ɗana tarko. A can baya cikin firiji akwai wata tsohuwar kwalba, sinadarin da ya haɗa da hannunsa, babu wanda ya san da shi. A wancan zamani hayar babbar na'ura tsada gare ta, kaɗan kawai ake iya turawa, shi kuwa wannan ya dube shi da ido ya ce tarkace ne, ya tura shi baya. Ya cusa zanen sinadarin cikin na ɗalibar, ya yi gum.

Kwamfuta ta ɗora shi a kan gaba.

Farfesa ya yi dariya har da buga tebur. "Na kama ku! Tarkace ta zaɓa!"

"To, ranka ya daɗe, a ɗiga a kan ƙwayoyin cutar mu gani mana."

Da kansa ya ɗiga, don bai yarda da hannunta ba. Washegari ya leƙa madubin ƙara girma, babu ƙwayar da ke motsi. Ya ce laifin farantin gwajin ne. Ya sake faranti, ya sake ruwa, ya kulle ɗakin ya tafi da makulli. Haka dai.

Ɗalibar ta kasa ɓoye murna. "Da sauran tafiya kafin ya zama magani, amma ranka ya daɗe, mun samu bakin zare!"

Farfesa ya nufi firijin. Ya buɗe shi ya tsaya yana kallon gurbin kwalbar.

"Shekarar da na haɗa shi ƙanwata tana da rai," ya ce. "Kullum sai ta kawo mini abinci, ta ce, 'Yaya, ka samo?' Nan take ajiye ruwan shanta, a jikin kwalbar nan."